Mangwaron Kan Dam

Tun da mijinta ya rasu, dam ɗin ya koma hannun Inna. Shi ya tara ƙasar da katafila tun suna da sauran ƙarfi, ya tare ƙoramar da ke ratsa gonarsu, ruwa ya kwanta. Da shi take ban ruwan tumatir da rani, a ciki kuma take kiwon tarwaɗa. A kan bangon ƙasar akwai mangwaro guda da marigayin ya dasa da hannunsa, a inuwarsa take zama da yamma tana ɗinke ragar kifi.

A gangare, ƙasa da dam ɗin, Mai Kaji ke zaune da iyalinsa da rumfunan kajinsa. Sun daɗe ana zaman lafiya, ana aron fartanya ana mayarwa, har ranar da wata farar mota ta ofishin ruwa ta tsaya a bakin gonar. Inna ba ta tambayi ko wa ya kira su ba. Tun kwanaki Mai Kaji ke ce mata bayan katangar gidansa ya ƙi bushewa, ita kuwa tana cewa ruwan wankin matarsa ne.

Injiniyar mace ce, gajeriya, da takalmin roba har gwiwa. Ta gaida Inna da ladabi, ta zagaya bangon a hankali, sannan ta gangara gindinsa inda ciyawa ta yi kore shar alhali ko'ina a bushe yake. Ta cika kwalba da ruwan da ke tsattsafowa a wurin, ta ɗaga ta a rana.

"Inna, duba launinsa. Kowane dam na ƙasa yana ɗan tsattsafo. Da garai ruwan yake, da ban damu sosai ba. Wannan kuwa ƙasar bangon yake kwasowa, kullum hanyarsa ƙara faɗi take daga ciki."

"'Yar nan, ba a haife ki ba aka gina dam ɗin nan."

"Gaskiya ne, kuma wanda ya gina shi ya san aiki. Bishiyar can ce nake zargi. A rage ruwan kafin damina, a sare ta, a tono saiwar, a cike da yumɓu."

"Dam ɗina ne, a gonata yake."

"Naki ne, Inna. Amma in ya ɓalle, ba a gonarki ruwan zai tsaya ba."

Injiniyar na da ikon ba da umarni, amma ba ta yi barazana ba. Ta ajiye kwalbar a gindin mangwaron, ta ce za ta dawo ƙarshen mako.

Inna ta daina amsa gaisuwar Mai Kaji. Sai dai kashegari da ta je zama, ta ga laka ta kwanta a gindin kwalbar, kaurin yatsa guda. Ta zubar, ta gangara ta ɗebo wani da kanta. Ya fi na jiya ja. Daga inda take tsaye tana hango tsakar gidan maƙwabcin nata, matarsa na shanya, jikarsu na rarrafe a kan tabarma.

Ta wuce kai tsaye wurin bawul ɗin da ke sakin ruwa ta bututu. Ya yi tsatsa, ta murɗa har tafin hannunta ya yi zafi, ko motsi bai yi ba. Tana nan tana haki sai ga Mai Kaji da sifana da galan na baƙin mai. Ya zuba man a kan bawul ɗin. Suka kama tare, bawul ɗin ya yi ƙara, ruwa ya fara bin tsohuwar ƙorama.

Ranar da aka sare mangwaron Inna ta juya baya har ya faɗi. Da leburori suka tono kututturen, sai aka ga wata babbar saiwa ta daɗe da ruɓewa, gafiya kuma ta bi gurbinta ta yi gida. Injiniya ta zura gora a ramin. Gorar ta shige duka, ta fito jiƙe sharkaf. Inna ta nemi wuri ta zauna a ƙasa.

An cike ramin da yumɓu, ana zubawa kaɗan-kaɗan ana daɓewa. Injiniya ta sa aka share magudanar da ke fitar da rarar ruwa, wadda ƙaya ta toshe. Tumatirin baya-bayan nan ya ƙone saboda ƙarancin ruwa, tarwaɗar ma dole aka kwashe ta tun ba ta gama girma ba.

Damina ta zo da ƙarfi a shekarar. Dam ya cika, rarar ta bi magudana ta wuce abinta, bango bai ko gezau ba.

Da ruwa ya ɗauke, Inna ta ɗauki kwandon kifi ta gangara gidan Mai Kaji. Ta same shi yana ba kaji dusa.

"Na zo godiya ne," ta ce, "da ƙarata da ka kai."

Ya sosa ƙeya. "Wallahi, Inna, sai da na daɗe ina auna wanne ya fi, ruwan ko fushinki."

"To wanne ka zaɓa?"

"Na ga fushinki ba ya cin kaji."

Matarsa ta yi dariya daga ɗaki, ta fito ta karɓi kwandon. Inna ta zauna a bakin tabarma, ta ce ya kira mata Injiniya a wayarsa, tana so ta ji ko akwai ciyawar da ta dace a shuka a kan bangon, kuma ta sa musu rana ta zo ta sake dubawa.