Kabarin da Ake Yi wa Aski

…kuma shebur ɗin nan ya fi yadda na zata nauyi. Ko hannuna ne? Pyo, shugaban masu tonon, ya miƙo min shi da hannu biyu, ya ja da baya, ya jingina da ƙaramar katafilarsa yana murza sigarin da bai kunna ba. Haka al'ada take: babban ɗa namiji ke saran farko, sannan ya ɗaga murya ya gaya wa na ciki kada ya firgita, za a buɗe masa rufi. Abu mai sauƙi, Inna. Sara, da magana ɗaya.

Amma tsibin kabarin biyu ne.

Da safe ɗaya ne. Na dama, sumul, a zagaye kamar kwanon da aka kife, ciyawarsa a aske kamar kan ɗan makaranta. Shi nake gani a wayata kowace kaka. Na hagu kuwa ƙaya ta cinye shi, kuranga ta naɗe shi, gefensa ya lotsa… sai da aka share da adda muka gane kabari ne. Ba dutsen alama, ba suna, a dukansu. Baba ya ce in amfanin gona ya yi kyau za a kafa miki dutse mai suna. Ya yi kyau. Sai aka tura ni Seoul karatu.

Jan ƙyallen sanarwar da aka ɗaure a gindin tsaunin ba ya wasa: kowa ya kwashe mamacinsa kafin ƙarshen wata, za a baje wurin. Wanda ba a zo masa ba, a tono shi, a ƙona, a sa masa lamba, a ajiye shi tare da marasa dangi. Marasa dangi — haka suka rubuta. Ke da kika haifi biyu?

Da tsohuwar nan ba ta hawo ba…

Ga ta can zaune a kan kututture, ta riƙe keken jarirai wanda ba jariri a ciki. Da shi take dogarawa, kamar duk tsofaffin ƙauye yanzu; keke ya yi yawa, jarirai sun ƙare. 'Yar Andong. Kin tuna ta? Gidansu ne na ƙarshe kafin rafi. Ta ƙare min kallo ta ce, "Kai, ba ɗan 'yar Yecheon ba ne, mai majinar nan? To me kake shimfiɗa wa matar mai injin niƙa tabarma? Uwarka ai ga ta can cikin ƙaya."

Pyo ya ajiye ƙoƙon giyar da za a zuba wa kabarin.

Na ce, "Iya, kin tabbata?"

Ta ce, "Ni za ka tambaya? Ni na dafa miyar ranar da aka binne ta." Sai kuma ta kira ni da sunan Baba, ta tambaye ni ko motar kasuwa ta wuce, wai za ta kai ƙwai. Motar da ta daina zuwa tun kafin a haifi 'yata.

To wace magana zan ɗauka, ta farko ko ta biyu? Baki ɗaya ne ya faɗe su.

Da ba haka nake gane ki ba. Ba na duba tsibin — bayana nake ba shi. In tsaya, in dubi ƙasa: rafi, gadar katako, makaranta mai farin bango, sannan rufin kwanonmu shuɗi daidai tsakanin ƙafafunki, da kanyar tsakar gida, mai manyan jajayen 'ya'yan nan da kike ferewa ki rataye a baranda. Mai duba ƙasa ne ya zaɓi wurin, ya ce daga nan za ta riƙa ganin hayaƙin murhunta. In rufin ya zo daidai, to ke ce. Shi ke nan.

Na ba shi baya yanzu. Na ba ɗayan ma.

Benaye. Dogaye, farare, kowanne da lambarsa a kafaɗa, sun jeru kamar haƙoran mataji. Ina rafin? Sun ce yana ƙarƙashin titi, cikin bututu, har yau yana gudu ba wanda ke jin sa. Makarantar an rufe ta da ɗalibai ba su kai a cika tebur ba, sannan aka yi wurin ajiye motoci. Rufinmu… a ƙarƙashin wanne? Wata mata na shanya bargo a can sama, wataƙila daidai saman madafinki. Ban sani ba. Ko rana ma ba ta faɗuwa inda take faɗuwa da. Bene ne ke haɗiye ta tun la'asar.

Laka ce ranar da aka binne ki. Ruwan bazara. Rigar makoki ta ƙaiƙayi tana cin wuyana, maza na tattake ƙasa suna waƙa, ƙafa ɗaya, ƙafa ɗaya, ni kuma ina kallon takalmina yana nutsewa. Wani ya ce, yi kuka mana, yaro, uwarka ce. Ban ɗaga kai ba. Da na ɗaga, da na ga ko akwai wani tsibi a dama, ko a hagu. Matar mai injin niƙa — kafin ke ta rasu ko bayanki? Na san an yi sanyi. Na san an ci tuwon shinkafa. Wace shekara?

Na kira Yaya Mal-sun a Busan. Talabijin na ihu a bayanta.

"Kai ne namiji, kai ka hau. Mu mata a gindin tsauni aka tsayar da mu, ka manta? Yallaɓai na Seoul! Ba kai ke turo min hoto duk shekara ba, wai an yi wa Inna aski?"

Na ce, Yaya, ba wasa nake ba.

"Nima ba wasa nake ba. Ka kuskura ka kai matar mai niƙa ka kwantar da ita kusa da Baba, Inna za ta taso ta shaƙe ka. Ka manta faɗansu a kan mudun sha'ir? Sai da ta bi ta da muciya har bakin gada."

Ta yi dariya, dariyar ta tsaya. Na ji ta rage talabijin. "Yeong-dal… da gaske ba ka sani ba?"

Hoton. Ai kowa haka yake yi yanzu, ba ni kaɗai ba. Da, kafin bikin kaka, duk dangi ke hawowa da lauje, a yanke ciyawa, a zuba giya, a durƙusa. Sai dangin suka watse — Incheon, Ulsan, wani ma ƙetare. Gwiwata ta fara ciwo. Hanya ta cushe, yini guda a mota. Sai ga masu yankan ciyawa na haya: ka nuna musu wuri a taswirar waya, su yanka, su zuba giya a madadinka, su turo hoto biyu, kafin da bayan. A falona na zauna, tabarau a hanci, na buɗe taswirar da aka ɗauka daga sama. Kore, duk kore. Na sa yatsa na danna.

Yatsa. Faɗinsa nawa ne a kan tsauni?

Hoton ya zo, tsibi ne, a aske. Duk tsibi kamarsu ɗaya in an yi musu aski. Na duba, na ji sanyi a raina, na tura wa Yaya. Shekara ta zagayo, wani hoton. Har na saba da shi — ɗan karkatar nan ta gefen gabas, da farin dutsen da ke gindinsa. Na san shi kamar fuska. Amma fuskar wa?

Pyo ya matso. Mutum ne mai ladabi, ya ga irin wannan da yawa, idonsa ya nuna.

"Ranka ya daɗe, ba gaggawa nake maka ba. Amma watan ƙari ne, wanda ake cewa ba laifi a taɓa kabari a cikinsa, ka san kowa yanzu yake tashin nasa, gidan ƙona gawa a cike yake. In muka rasa layinmu na yau, sai bayan wa'adi."

Na ce, in aka buɗe, ba za a gane ba?

Ya taɓe baki. "Jar ƙasa ce. Cin ƙashi take. In mun samu cikin tafi biyu, mun gode. Kuma takardarka ta kabari ɗaya ce. Ba ni da ikon taɓa na wani."

Ɗaya.

Baba na can cikin ɗan akwatin gilashi a gidan ajiye tokar mamata, hawa na uku, kusa da na'urar sanyaya ɗaki. Na bar miki gurbi a gefensa. Har furen roba na saya. Na ce, ga shi a ƙarshe za ku haɗu, inda jirgin ƙasa ke zuwa, inda jikarki za ta iya leƙowa ba sai ta sa takalmin hawa ba. Jikar da ba ta san sunan ƙauyen ba. Sunan ma an canza. Na benayen wani dogon suna ne na Turawa, ban iya faɗinsa ba.

In na sari na dama, kuma ke ce a hagu — lamba za a sa miki. Bayan ƙaya, lamba. In na sari na hagu saboda maganar tsohuwar da ke jiran motar da babu… kuma ke ce a dama, ke da aka yi ta yi wa aski, kina jira…

Ki yi wani abu mana. Tsuntsu ya sauka. Iska ta kaɗa ciyawa ɗaya. Na karanta littattafai da yawa, Inna, na san matattu ba sa nuni, amma yau ko ƙadangare zan yarda da shi.

Ba tsuntsu, ba ƙadangare. Sai ƙarar injin ɗaga kaya can ƙasa, da tsohuwar tana raira wa keken da ba kowa waƙa.

'Ya'yan mai injin niƙa fa? Uku ne, maza. Ina suke? Ba su ga jan ƙyallen ba? Ko su ma suna can a wani falo, da wata wayar, da hoton wani tsibin… Wanda duk na bari a nan, ba mai zuwa masa. Wannan kam na sani. Shi kaɗai na sani.

In ba ke ba ce a dama, to wata ce ta yi shekaru tana shan giyata, tana jin ana ce mata ɗanki ne ya aiko. Ta saba. Ita ma in ce mata me?

Pyo ya tayar da katafilar. Ƙasa na rawa a tafin ƙafata.

"Ranka ya daɗe, wanne?"

Na ɗaga shebur. Ina tsaye a tsakiya, inda ba kowa. Bakina ya buɗe, maganar ta fito da kanta — Inna, kada ki firgita…

Kuma ban san wajen da zan juya fuskata in ƙarasa ba.