Ranar da Na Busa wa Saje Usur

Gcinumzi Ntlabathi, kai ne ka cire min usur daga wuya ranar Laraba a gaban maƙwabta, ka ce wai na yi busar banza. Kai ne kuma ka bi layin nan gida-gida washegari kana hana mutane faɗin abin da idonsu ya gani. Ciyaman ɗin kwamitin layi ne kai, na sani. Ni ma Nofezile ce, mai suyar amagwinya, fanken nan namu, a gida na goma sha bakwai, kuma na girme ka da shekara shida.

Ga yadda aka yi, saboda waɗanda ke wurin aiki ranar.

Shekara tara ke nan da ɓarayi suka addabe mu, har suka kwance wa marigayi mijina tayoyin mota yana barcin rana. Kwamiti ya raba wa kowane gida usur ɗaya. Doka guda aka kafa, da bakinka ka faɗe ta: duk wanda ya ga wani ya ɗauki abin da ba nasa ba, ya busa, in kuma an ji busa kowa ya fito, ba tambaya. Ni ban je makaranta ba, amma abin da ya shiga kunnena ba ya fita.

A ɗakin kwanon da ke bayan gidana akwai wata yarinya, Nansubuga. Nansu nake ce mata, harshena ba ya kai ƙarshen sunan. Daga Uganda ta zo shekara uku da suka wuce, kitso take yi a wani shago a bakin tasha. Tare suke zaune da Buyiswa, wadda ita 'yar nan ce, na san kakarta. Da fari na ɗauka ƙawaye ne kawai, sai na lura gado ɗaya ne a ɗakin, ba kuma wanda ke cigiyar na biyu. Na tambayi Buyiswa ƙiri-ƙiri, don ni ban iya raɗa ba. Ta ce, "Mama, yadda kuke da mijinki kafin ya rasu, haka muke." Na ce, "To Allah ya sa ita ba ta minshari irin nasa." Maganar ba ta wuce nan ba.

Ranar Larabar ina bakin ƙofa ina tsame amagwinya daga mai, Nansu ta taho daga shago da jakar kayan kitsonta. Motar 'yan sanda ta sha gabanta. Su biyu ne, wani saje mai tumbi da wani siriri. Na duba ƙirjin sajen, wurin da suke maƙala suna, babu komai sai shatin inda abin yake a da.

Ya ce, "Ke, takarda."

Ta zaro ta daga cikin riga, a ƙunshe cikin leda, mai hotonta. Ya duba gaba, ya duba baya, ya dube ta daga sama har ƙasa.

"Au, ke ce matar waccan mai yawo da wandon maza?" Ya yi dariya, ya ninke takardar gida huɗu, ya sa a aljihun rigarsa na hagu. "Jabu ce. Shiga mota."

Siririn ya damƙi hannunta. Ni kuwa sai na tsaya da matsami a hannu ina tambayar kaina: takardar nan tasa ce? Ba tasa ba ce. Ya ɗauka? Ya ɗauka. Ya sa a aljihu? Ga ta can har gefen ledar ya leƙo. Na ajiye matsami na busa.

Wallahi layinmu bai mutu ba. Kafin na ja numfashi na biyu wasu usur ɗin sun amsa. MaRadebe ta fito da muciya. Dattijon nan Tata Sigqibo ya fito da kulki, rabin fuskarsa duk kumfar aski, takalmi ƙafa ɗaya. Mutum ya kai arba'in.

"Ina yake? Ina ɓarawon?"

Na ce, "Ga shi nan, mai tumbin."

Ban taɓa ganin mutum arba'in sun rasa yadda za su yi da sandunansu ba sai ranar. Tata Sigqibo ya mai da kulkinsa baya a hankali kamar zai sosa gadon bayansa.

Sajen ya ce, "Tsohuwa, kin san wa kike nunawa da yatsa?"

Na ce, "Ina zan sani, ɗana, ka bar sunanka a gida."

Aka fashe da dariya. Dariyar ce ta ƙwaci Nansu, don siririn ya saki hannunta ya koma mota da kansa. Suka ja suka tafi a hankali, mutane na matsa musu. Yarinya ta tsira, takarda ta tafi. A nan ne ka iso, Gcinumzi, ka ce usur na ɓarayi ne ba na hukuma ba, ka zare shi daga wuyana har igiyar ta karce min kunne.

Washegari Buyiswa ta kai mu wani ofis a saman shagon gyaran takalmi, inda wata ƙungiya ke taimakon baƙi da irin su Nansu da duk wanda ɗan sanda ya ci wa zali. Wata mata mai tabarau, Sisi Thozama, ita ta zaunar da mu. Tana gama tambayoyinta na fara nawa.

Na ce, "'Yata, wai takardar nan me ke cikinta da yarinya ta kwana ba ta ci ba?"

Ta ce ita ce shaidar cewa Nansu ta nemi mafaka kuma ana duba maganarta. In babu ita, duk ɗan sandan da ya tare ta zai iya tsare ta, daga nan sai a mayar da ita ƙasarsu, inda ake ɗaure mace don ta so mace. A ƙasar nan kuwa doka ta ce a ba ta kariya.

"Dokar nan tamu? Ta san da su?"

"Ta sani, Mama. Ko aure suka so, za a ɗaura musu."

Na dubi Buyiswa. "To a cikinku wa ke kai wa wa shanun sadaki?"

Buyiswa ta rufe fuska, Nansu ta yi dariyar farko tun ranar Laraba. Har yau ba a ba ni amsa ba, kuma ina son sani.

Ita ma Thozama da na ba ta labarin usur sai ta ajiye biro. Ta ce shekara biyu suna yawo unguwa-unguwa suna koya wa mutane cewa in an tare wani su tsaya su kalla, su riƙe lambar mota, kar su watse. "Ashe ku a wuya kuke rataye da abin. Gida nawa ke da shi?" Na ce kowane gida, ban da nawa.

Sannan ta faɗi abin da ake bukata. Kwanan takardar zai ƙare ƙarshen wata, dole a sabunta ta, kuma ba a sabunta abin da ba ya hannu sai an nuna yadda ya salwanta. In Nansu ta ce ɓata ta yi, ƙarya ce, kuma ofishin da za ta kai rahoto nan ne sajen yake zaune. Gaskiyar za a kai wa masu binciken 'yan sanda, su kuma abu biyu suke so: shaidu da za su sa hannu, da sunan mutumin. Na ce shaidu kam ina da arba'in.

Haka na zata. Na ɗauki takardun shaida na bi layi.

MaRadebe ta ce idonta na ciwo tun Litinin. Na ce, "Amma kin ga hanyar kicin kin ɗauko muciya." Tata Sigqibo ya ce kumfa ta shigar masa ido. Wani ya ce shi ya ga motar amma bai ga aljihu ba, wani ya ga aljihu amma bai ga takarda ba. Da farko ina fushi, daga baya abin ya koma ba ni mamaki. Yaya ake yi ido tamanin su makance a rana ɗaya? Sai na daina roƙo, na koma zama a gidajen mutane ina shan shayinsu ina tambaya: wa ya riga ni zuwa, me ya ce? A gida na shida aka gaya mini. Wai kai Ciyaman ka ce in muka kai ƙarar ɗan sanda, ran da muka kira su ba za su zo ba, duk saboda baƙuwa, baƙuwar ma irin wannan. Na ce, "Ran da aka fasa shagon Warsame, mun kira. Yaushe suka zo?" Aka hau lissafi. Sai da aka kwana biyu suka zo.

Warsame ɗin, mai shagon kwana, shi ya fara sa hannu. Ɗan Somaliya ne, irin takardar Nansu ce a aljihunsa, amma ya rubuta sunansa. Ya ce, "Mama, gobe tawa ce." Ni na dangwala yatsa, na biyu ke nan.

Nolitha ta gidan da ke kallon nawa, mai jan waƙa a cocinsu, ta ce ita ba za ta sa hannu a kan masu irin wannan zama ba. Na ce, "Ban ce ki sa wa gadonsu albarka ba. Me kika ga ya shiga aljihu?" Ta rufe ƙofa. Da safe ina hura wuta sai ga ta da mayafi.

Ta ce, "Ban yi barci ba saboda ke. Na gani, aljihun hagu. Ƙarya ma zunubi ce. Kawo, amma kar Fasto ya ji."

Tana cikin sa hannu ta ce, "Sunan sajen kuwa ai ki tambayi ciyamanku." Na ce me ya haɗa su? Ta ce lokacin da kowa ya juyo kan Nansu, ita tana tsaye a kwana. Motar ta tsaya, kai Gcinumzi ka leƙa ta taga, ka ba sajen hannu, ka kira shi da sunan zuriyarsu, har kana tambayarsa jikin mahaifiyarsa. Sunan ne kawai ba ta riƙe ba.

To ka ji, Gcinumzi. Shaidu uku sun samu, Thozama ta ce sun isa. Suna ya rage, kuma yana bakinka. Yau kwana tara Nansu ba ta taka tasha ba, in mota ta tsaya a ƙofa sai ta shige bayan labule. Kwana goma sha biyu suka rage wa takardar. Ban ce ka so ta ba, ban ce ka gane zamansu ba, ni ma har yanzu tambaya nake yi.

Ranar Lahadi bayan coci akwai taron layi a ƙofar gidanka. Thozama za ta zo da bironta, Nansu za ta zauna kusa da ni inda za ka gan ta da kyau. Ka tashi tsaye ka faɗi sunan mutumin da ka tambayi lafiyar uwarsa. In ba za ka faɗa ba, ka dubi yarinyar nan ka gaya mata dalili, da ƙarfi, yadda na baya ma za su ji.