Jar ciyawar Baba Gansakuka ta canja dangi

Shekara talatin Baba Gansakuka yana gadin wata jar ciyawar teku, busasshiya, manne a takarda cikin durowa ta bakwai a ɗakin ajiyar tsirrai. Kai da ganinta ka ce tsumman goge tukunya ne. Amma shi ya gano ta, shi ya ce jinsi ce mai zaman kanta, ya raɗa mata sunan marigayiya matarsa.

Sai ga takarda daga kwamitin masu rarraba tsirrai, mutanen da ba su da aiki sai raba zumunci. Wai gwaji ya nuna ciyawar 'yar wani dangi ce daban, a soke sunan kafin ƙarshen mako.

Ya koma gida jiki a sanyaye, ya ture kwanon abinci.

"Lafiya?" in ji yayarsa.

"Yaya, wai an yi gwaji. Ba tamu ba ce."

Yaya ba ta tsaya jin wace ce ba. Washegari ta kwaso gwaggo biyu da kawu mai sanda, suka cika ofishin shugabar sashe har da zama a kan firinta.

"Wane mara kunya ne ya sheganta mana yarinya?" in ji Yaya.

"Hajiya, ciyawa ce fa," in ji shugabar.

Yaya ta ɗan yi turus, amma ai ta riga ta ɗaura ɗamara.

"Ko ciyawa ce! Wa ya rene ta? Wa yake kore mata kyankyaso? Su sababbin dangin su zo da ƙafarsu mana."

"Wanda ya kafa wancan dangin ya rasu shekara ɗari da hamsin da suka wuce."

"To marainiya ce ke nan, riƙo ya dawo hannunmu."

Kawu ya buga sanda, ya ce a kira ta a ji ta bakinta. Aka ɗauko ta a faifan takarda, aka ajiye a tebur. Gwaggo ɗaya ta leƙa ta ce wallahi hancin gidansu ne sak.

Duk wannan bai hana komai ba, shi ma Baba ya sani, kuma abin yana cin ransa. Shugabar ta miƙa masa alƙalami da rula, ta ce a hankali:

"Malam, ba a gogewa. Layi ɗaya ake ja a kai, yadda zai karantu."

Ya ɗora rular, ta goce, ya sake ɗorawa. Sai a lokacin Yaya ta sa tabarau ta karanta abin da za a soke. Sunan marigayiya ne.

"Ashe nan ka ajiye ta," ta ce.

Ta sa yatsa biyu ta danne masa rular, ya ja layin.