Kaset Ɗin Da Ba A Kai Wa Maza

Tun ranar da na buɗe akwatin Umma na ga fumfuna ta fara yi wa kaset ɗin fari-fari, hankalina bai sake kwanciya ba. Kaset ne na bidiyo, irin manyan baƙaƙen nan, na taron sunana a gidanmu na Unguwar Sarki. A cikinsa kaɗai ake iya ganin Inna Yalwa, yayar Umma, wadda ta rasu da azumin bana. Duk rayuwarta ba ta yarda an ɗauke ta hoto ba sai ranar, shi ma don mace ce ke riƙe da kyamarar.

Akwai mai shago a Badarawa da ke juye irin waɗannan zuwa faifai. Da na gaya wa Umma cewa sai ya zauna ya kalla daga farko har ƙarshe yana juyewa, sai ta tsuke fuska.

"Aziza, matan aure ne fa a tsakar gida, ba mayafi, suna rawa. Ki ɗauka ki kai wa ƙaton namiji? Gara ya ruɓe."

Kuma da gaske take, na san uwata. Ga shi tsakiyar damina, ko takalmi ka ajiye kwana uku sai ya yi gashi. A ofis sai in buɗe fayil in rufe, ban san me na karanta ba. Ranar Alhamis na kasa jurewa, na ɗauki jaka tun kafin azahar na nufi shagunan kwamfuta na titin Ahmadu Bello, in nemi abin da zan juye shi da kaina.

Mai shagon da na fara shiga, Malam Sharhabil, ya ajiye mini na'urori biyu, ɗaya ba ta wuce ɗan yatsa ba, ɗaya kamar kwalin sabulu. Aikinsu ɗaya: wayoyi uku daga bidiyo, ja da fara da rawaya, su shiga ta nan, hoto ya fita ta can zuwa kwamfuta.

"To me zai sa in sayi mai tsadar?"

"Hajiya, tsohon kaset hotonsa rawa yake yi. Ƙaramar nan in ya girgiza sai ta sake shi, murya ta riga baki. Kawo naki mu gwada."

"Ba zai yiwu ba."

Ya yi dariya. "Na cikin gida ne ke nan. Ke ce ta uku a watan nan."

Ya gwada da wani tsohon kaset na ƙwallo. Sau huɗu na sa shi ya canza wayoyin, na fita na zaga shaguna biyu, na dawo ina huci kamar shi ya sa wa kaset ɗin fumfuna. Bawan Allah bai ko ɗaga murya ba, sai ma ya tuna mini kwamfutata ba ta da wurin saka faifai. Na haɗa babbar na'urar, da abin juye faifai, da bidiyo ɗan gwanjo.

Yana ɗaure kayan na gaya masa kaset ɗin ya yi fumfuna, sai ya ce, "Mai fumfuna sau ɗaya ake yi masa. In ya fara tafiya kada ki tsayar, kada ki mayar baya, tsinkewa zai yi."

Asabar da safe muka kulle falo, ni da Umma. Na duba cajin kwamfuta sau uku, na yi bismilla na danna. Allon ya yi shuɗi, ya yi layi-layi, sai ga tsakar gidanmu da guɗa. Umma ta kasa zama, daga bakin ƙofa zuwa taga, tana kiran sunayen mata, rabinsu sun riga mu gidan gaskiya.

Can sai ga Inna Yalwa, siririya, ɗauke da jaririya. Ta juyo tana dariya ta faɗi wata magana, kiɗan ƙwarya ya danne ta.

"Me ta ce? Mayar, Aziza, mayar!"

Kafin in amsa Umma ta kai hannu kan bidiyon. Na cafke wuyan hannunta. Ban taɓa riƙe mahaifiyata haka ba.

"Sake ni, yayata ce."

"Umma, ki yafe mini, ba zan sake ba."

Ta fizga, na ƙara damƙewa. Haka muka tsaya kusan rabin awa, tana hawaye ina hawaye, bidiyon na wani ƙara kamar tsohon keken ɗinki. Da ya kai ƙarshe na ciro kaset ɗin, zaren ya biyo shi a tsinke.

Umma ta dube shi, ta dube ni. "Shi ke nan?"

"Yana cikin kwamfuta. Yanzu sau nawa kike so."

Na mayar wurin, na ƙure murya. A karo na uku muka ji sarai. Inna Yalwa ta kalli gefen kyamara, inda ƙanwarta take a lokacin, ta ce, "Hansai, zo ki zauna mana, kin cika zirga-zirga."

Umma ta ce, "To, Yaya." Ta ja kujera ta zauna.