Taron Tsaye a Ɗakin Sabulu

A gidanmu "lauyar masu kora" ake ce min. Yayana ne ya laƙaba min, shi da ko hanyar kotu bai sani ba. Ko a jikina. Aikina kare kamfani ne, kuma ban taɓa jin kunyarsa ba. Abin da ba zan yi ba shi ne in tsaya gaban alƙali da shari'ar da na san dariya za a yi mana.

Wani kamfanin sabulu ne ya riƙe ofishina tun da na buɗe. In suka sake ni, sai dai in ja ƙofa in koma aiki a ƙarƙashin wani. Manajansu kuwa ba a ce masa a'a. Ya kori wata mai nannaɗe sabulu don ya same ta zaune a kan kwali lokacin aiki, ita kuma ta kai ƙara.

"Doka ce, Lauya," ya ce min a waya. "Ba a zama a ɗakin nannaɗi. In ba za ki iya kare mu ba, lauyoyi sun cika gari."

Raina ya ɓaci, amma na haɗiye. "Zan iya, Yallaɓai. Sai dai in shirya ka, tunda kai za ka ba da shaida. Mu haɗu a inda abin ya faru."

Ɗakin dogo ne, siminti zalla, ga zafi, ga ƙamshin sabulu mai hawa kai. Mata sun jeru a bakin tebur hannuwansu na ta aiki, babu kujera ko ɗaya. Ni na zo da takalmi marar tsini. Shi ya zo cikin kwat.

Na fara jefa masa tambayoyin da lauyan matar zai yi. Wa ya kafa dokar? An gargaɗe ta? An ji ta bakinta? Ya amsa, na ce, "Sake faɗa, Yallaɓai, alƙali ba zai gane ba." Ya sake, na mayar da shi farko.

Ya fara sauya ƙafa. Ya dafa tebur. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ni ma wallahi ƙuguna kamar zai ɓalle, amma na ƙudurta ko zan faɗi, ba zan riga shi zama ba.

"Mu ƙarasa a ofis mana," ya ce.

"Saura kaɗan. Matar ta gaya maka ƙafarta ta kumbura?"

"Kowa da uzurinsa! In mutum ba zai iya tsayuwa ba…" Yana faɗa yana ja da baya, har ya zube a kan wani kwali. "Wash!"

Hannuwan matan suka tsaya cak.

Ya dube su, ya dubi abin da yake zaune a kai. Na san ofishina ne a tafin hannunsa. Na matso, na rage murya.

"Abin da ta yi ke nan, Yallaɓai. Kuma ita tun safe take tsaye. Ni lauyarka ce, gara ka ji daga bakina a nan da ka ji a kotu."

Ya daɗe yana share fuska.

"Ke muguwa ce, Lauya."

"Haka yayana ma yake cewa."

Bai tashi ba. Ya bi dogon teburin da kallo har ƙarshensa.

"Kira lauyanta," ya ce. "Sannan a nemo min kafinta."