Motar da Ta San Hannun Tasalla

Hamman ya sake murɗa makulli. Motar ta yi gurnani kamar za ta tashi, sai ta mutu. Karo na bakwai ke nan tun hantsi.

"Yaya, zo ki taɓa mana," ya ce da matar marigayi wansa, murya ƙasa-ƙasa.

Tasalla fa ko keke ba ta taɓa hawa ba. Ta zura hannu ta taga, ta murɗa, nan take inji ya kama. Matan da ke leƙe ta katanga suka yi salati.

Haka abin yake tun da ta fita takaba. Motar 'yar Beljiyam ce, mijin Tasalla, Mainasara, bai shekara da sayenta ba zazzaɓi ya tafi da shi. Aka bar wa Hamman ya riƙa jigila daga Kwanar Dangora zuwa Tudun Wada, ya ciyar da marayu huɗu. To, mota ta ƙi kowa sai Tasalla. An canja batir, an canja fulogi, har ruwan tofi an yayyafa mata. Ranar da Hamman ya kashe ta a Tudun Wada don ya yi azahar, da igiya aka jawo ta gida. Mako uku yanzu ba ta fita ba, dawa kuma ta kusa ƙarewa a rumbu.

Abin da Tasalla ba ta gaya wa kowa ba, tana jiran wannan murɗawar. In injin ya amsa, sai ta ji kamar gyaran muryar Mainasara ne a zaure.

Da azahar aka zo da Ubale mai gyaran wutar mota. Ya juya makullin a tafinsa, ƙarfe tsirara.

"Ina baƙin kansa na roba?"

"Haka muka same shi," in ji Hamman.

"Ai irin waɗannan, a cikin kan akwai wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa. Zoben da ke bakin ramin makullin nan yana tambayarsa. In bai ji amsa ba, sai ya hana inji mai. Saboda ɓarayi aka yi shi. Inna, sake murɗawa in gani."

Ta zura hannu. Ubale bai dubi motar ba, wuyan hannunta ya duba, inda wata 'yar jar laya ke lilo.

"Wannan fa?"

"Ta marigayi ce. A gindin sitiyari take ɗaure. Ranar da ya rasu na kwance ta."

Ubale ya matsa layar da yatsu biyu, ya girgiza kai. "Kan ne ya fashe masa, ya kai wa baduku ƙwayar ya ɗinke."

Tasalla ta dubi layar.

"Ashe ba shi ne ba?"

"Dabararsa ce dai, Inna. Allah ya jiƙansa." Ya zaro reza.

"Kar ka farke," ta ce.

Da haƙori ta warware ƙullin. Ta sunkuya cikin motar, ta ɗaure layar inda ta same ta, ƙulli uku. Kujerar har yanzu da ƙanshin turarensa.

Hamman ya murɗa, mota ta tashi. Ya saki dariya, ya ce bari ya leƙa tasha ko zai sami lodin la'asar.

Tasalla ta tsaya a ƙofar gida tana sauraren injin har ya sha kwana, babban yatsanta yana shafa farin sawun igiya a wuyan hannunta.