Ranar da Na Goyi Gwaggo

Wani mafarki na yi daren jiya, har yanzu gadon bayana bai daina ciwo ba.

Na tsinci kaina da hantsi a tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta bayan garinmu, sanye da farar shaddata ta zuwa ɗaurin aure. A farke ma na san tashar, ko da yake a cikin waya na fi saninta. Can ne waɗansu tsofaffin ma'aikatan jirgi suka tono wani kan jirgi mai aiki da kwal daga cikin ciyawa, suka kankare tsatsa, suka gyara, suka raɗa masa suna Gwaggo. Ba mai biyansu. Duk Asabar sukan hura mata wuta, ta ja tarago biyu zuwa gadar rafi ta dawo, jama'a su hau su ga yadda kakanninsu suka yi tafiya.

Kawu Jatau, ƙanin mahaifiyata, shi ke zuba mata kwal. Shekarunsa saba'in da huɗu, kafaɗarsa ta dama ta fara ƙin shebur. Shekara uku ke nan yana cewa in zo wata Asabar ya koya mini aikin, don ranar da ya ajiye shebur ɗin ba mai ɗauka, Gwaggo kuwa sai ta koma cikin ciyawa. Ni ma shekara ukun nan ban taɓa gajiya da ba shi amsa a zauren hira na waya na ƙungiyar masu kula da Gwaggo ba: "Muna goyon baya ɗari bisa ɗari, Kawu." Har ɗan hoton hannu mai jinjina nakan ƙara a ƙarshe, don ba na son rowa.

A mafarkin ana ruwa, amma daga ƙasa yake tasowa ya nufi sama. Kowa ya kifar da lemarsa ya tsaya a ciki. Ni ban zo da lema ba, sai na tattare bakin riga na nufi wurin sayar da tikiti.

Wata akuya ce a tagar, da tabarau a kan hanci. Ba ta ɗago ta dube ni ba.

"Hawa, aiki, ko goyon baya?" in ji ta.

"Goyon baya, ranki ya daɗe."

"Ka tabbata?"

"Ɗari bisa ɗari."

Ta yago tikiti, ta cinye rabi, ta miƙo mini sauran. Hatiminsu ke nan a can. Ta ce in bi layi na uku.

Layin hawa babu laifi, akwai mutane. Layin aiki mutum huɗu ne, duk furfura, ɗaya ma a zaune yake bin layin. Layin goyon baya kuwa ya fita daga tasha, ya zagaye kasuwa, ya haura tudu, aka ce wutsiyarsa tana wata jiha. Raina ya yi fari da na ga yawanmu. Na ce a zuciyata, da irin wannan taro ai Gwaggo ta gama tsira.

Layin ya kai ni gabanta. Baƙa ce wuluk, tsayinta ya kai soro, tagullar jikinta tana ƙyalli saboda Iya Rifkatu, tsohuwar da ke goge ta tun ranar da aka tono ta. Kawu yana tsaye a bakin murhu, gumi na gangaro masa daga haɓa zuwa goshi. Duk wanda ya iso daga layinmu sai ya ɗaga hannu ya ce, "Sannunku da ƙoƙari!" Gaisuwar takan faɗo ƙasa tim, Iya Rifkatu ta tsince ta ta jefa a bokiti. In bokitin ya cika sai ta miƙa wa Kawu ya juye a murhu.

Na leƙa na ce, "Kawu, tana ci kuwa?"

"Sannu ɗanya ce, Mudi. Hayaƙi kawai take yi."

"To a jarraba jinjina mana."

"Mun jarraba bara. Ita toka ma ba ta bari."

Sai ga jiniya. Uban ƙungiya ya iso da motoci tara, shi da hularsa kowa da motarsa. Ya zo ƙaddamar da Gwaggo karo na goma sha ɗaya. Aka nemi ƙyallen da zai yanka aka rasa, ashe akuyar tikiti ta karya kumallo da shi. Bai damu ba. Ya sunkuya da almakashinsa ya datse layin dogon gida biyu, muka yi tafi har hannu ya yi zafi. Nan take ya kafa kwamitin da zai binciko wanda ya yanke layin, ya naɗa kansa shugaba. Wani bunsuru mai jar hula, wanda shi ne shugaban tasha, ya rubuta rahoton a tsaye, ya karanta mana, ya haɗiye.

Kafin ya tafi, uban ƙungiya ya ce a kawo shebur a ɗauke shi hoto. Ya naɗe hannu da hankici, ya riƙe shebur ɗin ta wajen baki, ƙotar tana kallon ƙasa. Mai hoto ya ce ya yi kamar ya gaji. Ya yi, kuma wallahi ya fi Kawu iyawa. Tsawon lokacin hoton nan Kawu da tafin hannu yake ɗibar kwal yana watsawa.

Da motocin suka tafi, na ga Kawu ya kama hannunsa na dama ya murɗa sau uku kamar mai kwance ƙwan fitila. Hannun ya fita. Ya hure masa ƙura, ya rataye shi a ƙusa kusa da agogon tasha.

"Ya ajiye aiki," in ji shi. "Ya ce in gaishe ka."

Na leƙa murhun. Wutar da ɗazu take cika shi ta koma kamar ƙwayar goro. Ko a mafarki na san abin da hakan ke nufi.

Kawu ya ɗauko shebur da hagu ya miƙo mini. "Mudi, ɗan Hajara, karɓi. Ba wuya. Ka ɗiba, ka juya ƙugu, ka watsa can ƙurya, kada ka tara a baki. Sau goma kawai ka yi ina kallo. In ta mutu yau, ban da hannun da zan sake tada ta."

Na dubi shebur ɗin, na dubi shaddata. Dubban mutanen layi suna kallona.

"Kawu, ka ga kayan jikina farare ne. A bari sai wata Asabar. Amma ka sani, muna goyon baya ɗari bisa…"

Bunsurun nan ya busa usur.

"An samu mai goyo!" ya yi shela. "Ga tikitinsa, ga bakinsa. A kawo zane!"

Iya Rifkatu ta fito daga ɗakin ajiya da zanen atamfa da majanyi a kafaɗa. Ta zagaya bayana tana ƙare mini kallo yadda ake duba ragon layya.

"Duƙa, ɗana."

"Iya, ba a fahimce ni ba. Goyon baya na ce."

"Shi za ka yi. Da ka akan yi goyo a gidanku?"

"Ai magana ce kawai. Haka ake faɗa."

"Mun sani. Shekara uku muna ji kana faɗa, muka ce yaron nan yana da baya, a bar shi ya ƙosa tukuna. Duƙa, kada ta huce."

Na duƙa. Tsofaffin nan huɗu suka ce "bismillah," suka ɗaga Gwaggo da tukunyarta da bututunta da ƙafafunta na ƙarfe, suka ɗora mini. Iya ta yafa zanen, ta ja shi ta ƙarƙashin hammatana, ta ɗaure a ƙirji, ta kawo majanyi ta tamke. Idanuna suka yi kamar za su faɗo.

"Goyon fari ne?" ta tambaye ni.

"Na fari ne, Iya."

"Ya nuna. Sa hannu biyu ka tallafe ta ta ƙasa. In ta yi kuka ka ɗan jijjiga."

Na juya wajen 'yan layinmu, mutanena, abokan jinjina. Na ce a taimaka, ko mutum goma su kama mini gefe. Ba su ɓata lokaci ba, Allah ya sani. Gaba ɗaya suka ɗaga hannu.

"Muna goyon bayanka ɗari bisa ɗari!"

Suna gama faɗa suka ɗare taragon biyu, waɗanda aka riga aka ƙulla a bakin majanyina. Wanda bai sami kujera ba ya hau rufi. Ban taɓa jin maganar nan daga ƙasa ba sai ranar. Daga sama daɗin faɗa gare ta, daga ƙasa kuwa nauyinta ya fi na jirgin.

Bunsuru ya ɗaga koren ƙyalle, ya cinye, muka tashi.

Ina tafe a kan layin dogo, takalmina ɗaya ya tsinke. Da na iso inda uban ƙungiya ya datse, sai na tsallaka, fasinjoji suka yi tafi suka ce aikin kwamiti ya yi kyau. Itatuwa suna wuce ni a guje, ni kuwa gadar rafi sai ƙara nisa take. Wani mai babbar riga ya leƙo ta taga ya ce jirgin nan ba ya sauri, a zamanin da ba haka yake ba. Wani malamin jami'a ya karanta mana takarda mai shafi arba'in kan muhimmancin adana kayan tarihi, yana kaɗa ƙafa a kan ƙeyata. Wata mata ta ce ita fa don kukan jirgi ta zo, ba ta ji ba.

Na buɗe baki na ce, "Kuuu."

"Bai kai na waya ba," in ji ta.

Can sai na ji numfashi a bayan kunnena, mai warin kwal da tsohon mai. Gwaggo ce. Muryarta irin ta tsofaffin da ba su da sauran haƙori.

"Ɗan nan, wa ya ce maka goyo nake so?"

"Su suka ɗora mini ke, Gwaggo."

"Ƙafafuna goma sha biyu. Na kai gyaɗa har bakin teku kafin a haifi uwarka. Ni yunwa nake ji."

Sai a lokacin na lura. Da aka ɗora mini ita, cikinta da ɗumi, har yana gasa mini baya. Yanzu ɗumin yana janyewa kaɗan kaɗan, daga kafaɗa zuwa ƙugu. Duk wadda ta taɓa goyo ta san zafin jikin ɗa ta bayanta take fara ji. Ni sanyi nake ji yana shigowa, kuma tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

Kawu yana tafe a gefena, hannun riga ɗaya yana reto, shebur a kafaɗar hagu.

"Kawu, kawo shebur ɗin! Zan zuba!"

"Da wane hannu?"

Na duba. Hannuwana biyu suna ƙarƙashin Gwaggo. In na saki ɗaya, ita da taragon da masu goyon bayana duk a kaina za su sauka.

"To ka kwance ni!"

"Hannu ɗaya ba ya kwance majanyin Rifkatu."

"Kawu, don Allah! Tana hucewa!"

Ya dubi shaddata, wadda har yanzu ko ɗigon baƙi babu a gabanta. Ya gyara mini wuyan rigar da hannunsa guda, a hankali, yadda yakan yi mini ina ƙarami in za mu Idi.

"Kada ka damu, Mudi," in ji shi. "A bari sai wata Asabar."

Gwaggo ta tattara ɗan tururin da ya rage mata ta saki kuka. Siriri ne, dogo, ba irin na waya ba. Ya shiga kunnena na dama ya ƙi fita, yana ta ƙara tsini, yana ta ƙara tsini.

Ashe butar shayin matata Lantana ce ke kuka a kan risho. Na buɗe ido na gan ni a kife a kan katifa, hannuwana biyu a bayana, zanen gado ya naɗe mini ƙirji. Rana ta riga ta shigo ɗaki.

Lantana ta leƙo da kofi a hannu. "Ka tashi? Kawu Jatau ya kira sau biyu. Ya ce in tuna maka yau Asabar, kuma kafaɗar ta kwana tana damunsa."

"Ki ce masa…"

"Ban kai ga cewa komai ba. Ya ce kada in tashe ka, ya san amsar. Wai kana goyon baya."

Ta koma ta sauke butar. Na miƙe da ƙyar, dafe da ƙugu, na buɗe sif ina neman tsohuwar riga wadda ba zan ji ciwo ba in ta yi baƙi. Na fito da kayan ɗaya bayan ɗaya na zube a kan gado, har na kai ƙasan sif ɗin.

Duk farare ne.